Ganyen Kaka a Duwatsun Smoky: Hoto Shaida Ne

  

Sharhinmu na yau zai kai mu nesa. Za mu tsallaka teku, mu hau dutse. Amma maganar ta shafi duk wanda ke da waya a aljihu, domin magana ce a kan hoto.

Duk shekara, idan watan Oktoba ya kama, wasu hotuna kan cika Facebook da WhatsApp. Na san da yawanku kun taɓa cin karo da su. Duwatsu ne a jere, wani bayan wani, itatuwa sun lulluɓe su. Wannan itace ja wur, wancan rawaya, na gefensa ruwan goro. Sai ka ji wani ya ce, "Kai, wannan ai haɗin kwamfuta ne." Wani kuma ya ce, "A'a, haka Allah ya yi wurin."

To, wa ya fi gaskiya a cikinsu? Wurin yana nan. Launin ma gaskiya ne. Sai dai ba kowane hoto ne ke faɗin gaskiyar wurin ba. Ga abin da nake so mu riƙe tun daga farko: hoto shaida ne. Mai ɗaukar hoto ya je inda ba mu je ba. Ya ga abin da ba mu gani ba. Ya dawo yana ba mu labari. Gani ya kori ji, shi ya sa muke yarda da hoto fiye da yadda muke yarda da baki. Wanda aka yarda da shi haka kuwa, akwai nauyi a wuyansa.

Bari mu fara da wurin kansa.

Sunansa Great Smoky Mountains. Gandun daji ne na ƙasa a Amurka, a kan iyakar jihohin Tennessee da Carolina ta Arewa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, kuma kusan duk duwatsu ne da kwaruruka da ƙoramu. Wani hazo mai shuɗi-shuɗi kan kwanta a kan duwatsun, wanda itatuwan da kansu ke fitarwa, shi ya sa daga nesa kamar hayaƙi ke tashi. A duk manyan gandayen ƙasa na Amurka, babu wanda ya kai shi samun baƙi. Sama da mutum miliyan 12 suka shiga a shekarar 2024. Oktoba na cikin watannin da aka fi cunkoso, kuma ganyen nan ne ke jawo su.

Yanzu sai mu tambaya, me ke sa ganye ya canja launi haka?

A wurinmu, kaka lokacin girbi ne. Ruwa ya ɗauke, gero da dawa sun nuna. Kuka kuma takan zubar da ganyenta idan rani ya shigo, saboda ƙarancin ruwa. A can, sanyi ne ke tafe. Dare na ƙara tsawo, yini na gajarta. Itacen da ke zubar da ganye sai ya fara janye abincinsa daga ganyen, ya mayar cikin jikinsa kafin ƙanƙara ta iso.

Akwai sinadarin da ke sa ganye ya zama kore. Masana na kiransa kulorofil, kuma da shi itace ke haɗa abinci daga hasken rana. Idan itacen ya daina sabunta shi, koren sai ya dushe. Rawayan da kuke gani dama yana cikin ganyen tun tuni, koren ne ya rufe shi. Amma jan, labarinsa daban ne. Sabo ne. A kakar ake yin sa, daga sukarin da ya maƙale a cikin ganye. Yana son rana mai haske da dare mai sanyi, sanyin da bai kai na daskarewa ba. Idan aka samu haka kwana da kwanaki, jan kan fito sosai. Idan an yi fari, ganyen na iya bushewa ya faɗi ba tare da ya yi wani kyau ba. Iska mai ƙarfi ta dare ɗaya kuma na iya kakkaɓe rabin dutse.

Kun ga ke nan, babu shekarar da ke kama da 'yar'uwarta. Babu wanda zai iya ba ka rana ya ce, zo ranar kaza, za ka tarar da abin ya cika.

Akwai wani abu kuma da dutse ke ƙarawa. Can sama ya fi sanyi, don haka can ake farawa. Tun tsakiyar Satumba itatuwan ƙololuwa kan soma juyawa, alhali ƙasa tana nan kore shar. Daga nan launin ke gangarowa sannu a hankali. Ba ya isa kwaruruka sosai sai daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Gandun yana da itatuwa 'yan asalin wurin fiye da iri 100, kowanne da lokacinsa, kowanne da launinsa. Wanda ya san wurin ba ya cewa ya makara ko ya yi sauri. Idan ƙasa ba ta nuna ba, sai ya hau. Idan sama ta zube, sai ya sauko.

To, jama'a, mu zo kan aikin ɗaukar hoton. A nan nake so mu ɗan daɗe.

Sharaɗin shaida na farko shi ne ya kasance yana wurin lokacin da abin ya faru. Mai hoton duwatsu ma haka. Tun kafin asuba yake tashi. Ya bi hanyar da ta ratsa gandun, wadda ke hawa har mashigar Newfound Gap. Kusa da nan akwai wurin tsayawa da ke kallon gabas, a kan kwarin Oconaluftee. Ya kafa kyamararsa a kan sandarta mai ƙafa uku, cikin duhu, cikin sanyi, yatsu na ƙagewa. Sai jira.

Me yake jira? Haske. Idan dare ya yi sanyi kuma iska ta kwanta, hazo kan taru a cikin kwaruruka, kawunan duwatsu su leƙo ta samansa. Rana na ɓullowa, haskenta ya zo a kwance, ya shafi gefen dutse. Kowane tudu ya fito da inuwarsa. Ganyen da hasken ya ratsa ta bayansa sai ya yi kamar an kunna shi. Wannan ba ya daɗewa. Kafin ka ankara rana ta ɗaga, hasken ya yi fari fat, komai ya baje. Wata rana kuma gajimare ne zai rufe gabas gaba ɗaya, mutum ya naɗe kayansa ya sauko hannu rabbana. Gobe ya sake hawa.

Ga wani abin da sababbin shiga ba su cika sani ba. Ranar da gari ya lumshe, ko ake yayyafi, ba ranar zama a masauki ba ce. Ita ce ranar shiga cikin daji. Tsakar rana mai ƙwalla, ita ce mafi wuya ga mai hoto a ƙarƙashin itatuwa, domin wani wuri ya yi haske har ya ƙone, wani ya yi baƙi ƙirin, kyamara ta rasa wanda za ta bi. Amma idan gajimare ya tace hasken, komai ya daidaita. Jiƙaƙƙen ganye ya fi busasshe nuna launi. Duwatsun cikin ƙorama su yi duhu, gansakuka ta yi kore, jan ganyen da ya faɗa a kai ya fito fili. Shi ya sa a irin wannan rana za ka tarar da ƙwararru a bakin ruwa, a Roaring Fork ko a Tremont, ba a ƙololuwa ba.

Akwai wani gilashi da suke ɗaurawa a bakin kyamara, wanda aikinsa kashe ƙyalli. Ganye, musamman jiƙaƙƙe, yana mayar da hasken sama, ƙyallin ya rufe launinsa. Idan aka juya gilashin nan a hankali, ƙyallin ya tafi, launin asali ya bayyana. Ku lura da kyau: gilashin bai ƙara komai ba. Abin da ya tare ido kawai ya kawar. Za mu dawo kan wannan bambanci.

Sandar mai ƙafa uku kuma, amfaninta shi ne kyamara ta tsaya cak. A cikin inuwar daji haske kaɗan ne, dole a bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci. A wannan ɗan lokacin ruwa na gudu, sai ya fito da laushi a hoton, duwatsu kuma su fito daram. Amma idan iska ta motsa reshe, ganyen ya dame. Sai a jira iska ta lafa. Kun ji, jiran dai ne.

Ni a ganina, babban kuskuren mai koyo shi ne son kwashe komai. Ya ga dutse duk ya kama da launi, sai ya so ya cusa shi duka a hoto guda. Hoton ya fito, ido ya rasa inda zai sauka. Sau da yawa itace ɗaya ya isa. Itacen maple guda ja a gaban duhun itatuwan da ba sa zubar da ganye. Ko layukan duwatsu kawai, na kusa mai duhu, na bayansa ya fi shi haske, har na ƙarshe ya narke cikin sama. Shaidar da ta fi shiga kunne ita ce wadda ta tsaya a kan abu ɗaya ta bayyana shi sarai.

Yanzu, masu sauraro, bari in ba ku labarin wani mutum. Domin ba don irinsa ba, da wataƙila babu dajin da za a ɗauka.

A farkon ƙarni na 20, kamfanonin katako ne ke cin waɗannan duwatsu. Sun shimfiɗa layin dogo har cikin kwaruruka. Sun sare mafi yawan dajin. A lokacin ne wani baƙo ɗan ƙasar Japan ya sauka a garin Asheville, a shekarar 1915. An san shi da suna George Masa. Ya fara da aikin hidima a wani babban otal, yana wanke wa baƙi fim ɗin hotunansu. Daga baya ya buɗe shagon hoto nasa. Sai duwatsun suka shiga ransa.

Kyamarar wancan zamani babban akwati ce mai nauyi. Haka yake saɓa ta ya hau dutse. Yana kuma tura wata ƙafar keke da ya ɗaura wa ma'auni, yana auna tsawon hanyoyin daji, yana rubutawa. Waɗanda suka yi tafiya da shi sun shaide shi da jira. Yakan zauna sa'o'i a wuri guda, har gajimare ya tsaya inda yake so. Shi da abokinsa marubuci, Horace Kephart, sun yi aiki tare wajen tantance sunayen duwatsu da ƙoramu, da kiran a ceci abin da ya rage. Kephart na rubutu, Masa na kawo hoto. Hotunansa, da na wani mai hoto na garin Knoxville mai suna Jim Thompson, su aka riƙa nuna wa mutanen da ba su taɓa taka wurin ba.

Kuma mutane sun gani, sun yarda. Jihohin biyu suka sa kuɗi. Talakawa suka yi karo-karo, har 'yan makaranta sun kawo 'yan kwabbansu. Attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ya ba da dala miliyan 5. Aka sayi filayen, aka kafa gandun a 1934.

George Masa bai ga wannan rana ba. Ya rasu a 1933, ba shi da ko sisi. Sai a 1961 aka sa wa wani tudu a gandun sunansa.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne, hotunan da Masa ya ɗauka baƙi da fari ne. Babu ja, babu rawaya. Duk wannan launin da ake rububi a kansa yau, kyamararsa ba ta kama shi ba. Amma an yarda da shi, domin abin da ya nuna yana nan. Wanda ya bi sawunsa ya hau, zai tarar da dutsen kamar yadda aka nuna masa. Hoto shaida ne, kuma shaidar Masa ta taimaka wajen tsayar da gatari.

To, a nan maganar za ta juya.

Yau kowa na da abin da Masa bai samu ba. Da yatsa ɗaya za ka ja launi a waya, ja ya koma jini, rawaya ta koma wuta. Za ka iya ɗauko sararin sama na wata rana ka liƙa. Yanzu ma har akwai manhajar da za ta ƙera maka dutse da daji waɗanda babu su a duniya. Saboda haka mutumin nan da ya ce haɗin kwamfuta ne, yana da hujjar yin shakka.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Gyaran hoto ba laifi ba ne. Kyamara ba ta gani kamar ido. Takan duhunta inuwa, takan kashe launi, kuma tun zamanin fim masu hoto ke gyara haske a ɗakin wanki. Wanda ya gyara don hoton ya koma kamar yadda idonsa ya gani, ya yi daidai. Wanda ya ƙera hoto don ado, ya kuma faɗa cewa ƙerawa ya yi, shi ma babu ruwana da shi. Inda nake da magana shi ne wanda ya zuba launin da babu, sannan ya rubuta a ƙasa cewa ga yadda wurin yake. Kun tuna gilashin nan mai kashe ƙyalli? Shi yana kawar da abin da ya rufe gaskiya ne. Wannan kuwa ƙari ya yi a kanta. Shaidar zur ce, ko da ta yi kyau.

Kuma tana da illa. Mutum ya tara kuɗi, ya yi doguwar tafiya, ya tsaya a gaban dutsen gaske. Sai ya ji ransa bai cika ba, domin wayarsa ta saba masa da jan da babu itacen da ke yin sa. An raina masa halittar Allah tun kafin ya gan ta. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Akwai kuma abin da hoto ke bari a waje. A kan ƙololuwa mafi tsawo a gandun, wadda ta ɗan haura mita 2,000, akwai matattun itatuwa tsaye, farare, babu ganye. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ya shigo daga Turai ne ya kashe su. Kafin su, wata cuta ta share itacen chestnut, wanda a da yana cikin itatuwan da suka fi yawa a dajin. Yawancin masu hoto kan juya wa matattun itatuwan nan baya. Na fi girmama wanda ya sa su a hotonsa, ko da sau ɗaya, domin su ma suna cikin labarin.

Haka nan mutane. A kwarin Cades Cove akwai tsofaffin gidajen katako da coci-coci, kuma ana yawan ɗaukar hotonsu a kaka. Gidajen mutane ne. Da aka kafa gandun, ɗaruruwan iyalai sun bar gonakinsu, wasu da son ransu, wasu ala tilas. Kafin su kuma, ƙasar ta 'yan ƙabilar Cherokee ce, waɗanda aka kori mafi yawansu zuwa yamma a 1838, dubbai suka mutu a hanya. Jikokin waɗanda suka tsira suna nan a gefen gandun har gobe. Su ne suka nemi a mayar wa ƙololuwar nan mafi tsawo sunanta na asali, aka kuma amince a 2024. Yanzu Kuwohi ake kiranta. Ba na cewa kowane hoto sai ya ɗauki wannan tarihi. Ina cewa mai hoton ya san a kan ƙasar wa yake tsaye, kuma idan zai rubuta wani abu a ƙarƙashin hoton, kada ya ce wuri ne da ɗan Adam bai taɓa taɓawa ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ƙafar da ke bayan kyamara.

Hanyar da ta zagaye Cades Cove ba ta kai kilomita 20 ba, amma a Oktoba takan ci sa'o'i, mota na bin mota. Da an hango baƙar dabbar nan beyar, sai kowa ya taka birki, a fito da waya. A kwarin Cataloochee kuma akwai wata babbar barewa mai rassan ƙaho da ake kira elk, wadda aka dawo da ita gandun a 2001. Kaka ce lokacin barbararsu, lokacin da mazan suka fi faɗa. Dokar gandun ta ce kada a matsa kusa da su, ko kusa da beyar, ƙasa da yadi 50. An kuma hana tashi da jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto. Duk da haka ana samun masu matsawa. Beyar da ta saba da mutane, ta daina tsoronsu, sau da yawa ƙarshenta a kashe ta. Wani ya samu hotonsa ya tafi gida, dabbar ta biya da ranta. Mai tattake ciyawa ya bar hanya don ya samu kusurwa mai kyau, gobe mutum goma za su bi sawunsa. Hoto ne ya taimaka aka ceci wurin nan. Bai kamata neman hoto ya zama abin da ke cinye shi ba.

Jama'a masu sauraro, na san mafi yawanmu ba za mu taka duwatsun Smoky ba. Amma muna da namu. Muna da Gashaka-Gumti, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya, can wajen iyakar Kamaru, yankin da Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar. Muna da tsaunin Mambila, muna da duwatsun Jos. Itatuwanmu ba sa yin ja irin na can, kuma babu dalilin tilasta musu a waya. Namu kyan daban ne. Ƙarshen damina, kafin ƙurar hunturu ta sauko, sama takan wanke tas, ciyawa ta fara juyawa ruwan zinariya, a hangi dutse daga nesa sarai. Kwanakin nan ba su da yawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan Allah ya nuna mana lokacin, a fita da sassafe ko da yamma liƙis. A goge idon kyamarar wayar. A tsaya a jira hasken. Idan an ɗauka, a rubuta sunan wurin da ranar, domin jikokinmu za su so su san yadda dutsen garinsu yake a zamaninmu. Ku kuma matasa masu sana'ar hoto, da ke yawo da kyamara daga biki zuwa biki, ina roƙonku ku ware wa duwatsun nan ko da safiya ɗaya a bana.

 Allah ya kai mu kaka lafiya, ya sa albarka a abin da aka noma.